Wasiƙa Zuwa ga Lauyoyin Cinikin Gidaje



A zamanin da, idan mutum ya yi nufin sayen gida a Kano ko Zariya, dillali da mai unguwa da shaidu biyu adilai sun wadatar, lauya kuwa, in ma an neme shi, rubuta yarjejeniya ce iyakar aikinsa. Amma tun da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna, ta kuma sharɗanta neman izininsa kafin sayarwa ko jingina, har Kotun Ƙoli ta tabbatar a shari'ar Savannah Bank da Ajilo a 1989 cewa jinginar da ta rasa wannan izini ɓatacciya ce, sai nauyin ya komo wuyanku. Yau ku ke bincike a ofisoshin rajistar filaye irin su AGIS ko KANGIS don a san ko gidan na jingine a banki, kuma dokar 2022 ta yaƙi da halatta kuɗin haram ta wajabta muku sanin mai saye da asalin dukiyarsa.

Abin da na fi jin tsoronsa, alhali kuwa babu kundin hukuma da zai nuna muku shi, shi ne gidan gado. Sau da yawa babban wa kan riƙe takardar gidan marigayi, ya sayar kamar nasa ne shi kaɗai, alhali akwai matar mamaci da tumuninta, da 'ya'ya mata da ke gidajen aure ba a shawarce su ba, da marayu waɗanda ba su balaga ba. Kada ku bari a biya ko kwabo sai kun ga hukuncin alƙali na rabon gado, kun kuma ji yardar kowane magaji daga bakinsa. In kuwa rabon mutum ɗaya ake saye a gidan da ba a raba ba, ku tuna da haƙƙin shuf'a a mazhabar Malikiyya, wanda ke ba abokin tarayya ikon mayar wa mai saye kuɗinsa ya karɓe rabon.

Ina kuma roƙonku ku daina kwantar wa mai saye da hankali da takardar wakilci don gudun kuɗin izinin gwamna, domin wakilci ba ya mayar da mallaka. Ku taka da ƙafarku zuwa unguwar, ku ga iyakokin gidan, ku tambayi maƙwabta wane ne ya gina shi, kuma mutum nawa ya bari.

Haza wassalam.