Sigarin Lantarki: Kafin Ka Taya Su Ihu, Tambayi Wa Ya Sayi Lasifikar

Kwanakin baya wani abokina da muke ɗaki ɗaya a makaranta ya turo min wani tsohon bidiyo. Dandazon mutane ne a wani fili kusa da fadar White House a Amurka, kowa riƙe da kwalinsa, tururi ya turnuƙe samansu kamar hazon hunturu. A ƙasan bidiyon ya rubuta min: "Ka gani ko? Haka ake ƙwatar 'yanci, ba irin namu na surutu ba." Abokin nan nawa ba ya rabuwa da sigarin lantarki, wannan da ake ce wa vape, nasa mai ƙamshin mangwaro. Ban ba shi amsa a lokacin ba, don maganar ta fi ƙarfin saƙon waya. Ga amsar yau. Kuma ba da shi kaɗai nake ba, har da kai da ke masu saurin yaɗa duk abin da ya yi kama da gwagwarmayar talaka.

Ga wanda bai san abin ba, ɗan ƙaramin na'ura ne mai batir. Batirin yana zafafa wata 'yar waya, wayar ta dafa wani ruwa da aka haɗa da sinadarin nikotin da kayan ƙamshi, sai ya zama tururi a zuƙa. Ba a ƙona ganyen taba a ciki. Wani mai haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, Hon Lik, shi ya ƙirƙiro irin na zamani a 2003. Shi kansa mashayin sigari ne, kuma ciwon dajin huhu ne ya yi ajalin mahaifinsa. Wato tun farko an yi abin ne don masu neman rabuwa da taba.

Tun da ya shiga Amurka ake ta ja-in-ja a kansa. A 2009 majalisar jihar Kalifoniya ta amince da ƙudurin hana sayar da shi, gwamna Arnold Schwarzenegger ya ƙi sa hannu. A shekarar ne kuma masu amfani da shi suka kafa wata ƙungiya mai suna CASAA, wadda aikinta shi ne duk inda aka ji ƙishin-ƙishin ɗin dokar hani, ta sanar da mambobinta su rubuta wa 'yan majalisarsu, su buga musu waya, su je zauren sauraron ra'ayin jama'a su yi magana da bakinsu.

Amma babban karon shi ne na 2019, wanda bidiyon abokina ya fito daga ciki. A shekarar wani binciken gwamnatin Amurka ya nuna kashi 27.5 cikin 100 na ɗaliban babbar sakandare suna zuƙar sigarin lantarki. Ana wata ga wata, sai ga wata cutar huhu ta ɓulla, wadda zuwa Fabrairun 2020 ta kwantar da mutum 2,807 a asibiti, ta kashe 68. Hankalin iyaye ya tashi. Ranar 11 ga Satumban 2019 shugaba Donald Trump ya sanar cewa gwamnatinsa za ta kawar da duk masu ɗanɗano da ƙamshi daga kasuwa.

Masu zuƙa da masu ƙananan shagunan sayar da shi ba su tsaya kuka a ɗaki ba. Suka ƙirƙiri maudu'in #WeVapeWeVote, ma'ana muna zuƙa kuma muna zaɓe. Suka cika layukan wayar fadar shugaban ƙasa da kira. Ranar 9 ga Nuwamba suka yi wancan gangamin a Washington. Saƙonsu ɗaya ne: ka taɓa mana wannan, mu haɗu a akwatin zaɓen 2020. Manyan jaridun ƙasar sun ruwaito cewa tsoron rasa ƙuri'u da ayyukan yi ne ya sa Trump ya ja da baya. Da dokar ta fito a Janairun 2020, an rage mata ƙarfi sosai. Ta hana masu ɗanɗano irin na ƙaramin kwanso da ake sauyawa, ta bar na ɗanɗanon taba da na mentol, ta kuma ƙyale manyan na'urorin da shaguna ke cika wa ruwa.

Zuwa nan abokina yana da gaskiya, kuma zan ba shi ita cikakkiya. Da yawa daga cikin mutanen nan ba haya aka ɗauko su ba. Akwai dattijon da ya shekara 30 yana shan sigari, ya gwada cingam da filastar nikotin duk a banza, sai da wannan ya iya dainawa. Akwai mai shagon da ya zuba duk abin da ya mallaka a sana'ar. Hujjarsu ma ba ta wasa ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe sama da mutum miliyan 7 duk shekara, kuma mafi yawan ɓarnar daga hayaƙin ƙona ganyen take zuwa. Bitar da cibiyar Cochrane ta yi wa tarin bincike ta gano cewa sigarin lantarki mai nikotin ya fi cingam da filasta taimaka wa mutum ya daina shan taba. Ita kuma waccan cutar huhun, daga baya hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta danganta ta da wani sinadari, vitamin E acetate, da ake cakuɗawa a ruwan wiwi na bayan fage. Saboda haka idan mutum ya tambaya, ta yaya za a hana abin da ya raba ni da sigari, a bar sigarin kansa a kowane shago, tambaya ce da ta cancanci amsa.

To amma fa da walakin, goro a miya. A wannan shekarar dai ta 2019, birnin San Francisco ya zama babban birni na farko a Amurka da ya hana sayar da sigarin lantarkin da hukumar abinci da magunguna ba ta tantance ba. Nan take sai ga wata "haɗakar" masu neman doka mai sassauci ta bayyana, ta tara sa hannun jama'a, ta kai batun ga ƙuri'ar raba gardama. Ka ji sunan sai ka ɗauka 'yan unguwa ne suka haɗu. Ashe kusan duk kuɗin, sama da dala miliyan 10, daga aljihun kamfanin Juul suka fito, wanda a lokacin hedikwatarsa ke cikin birnin. Shi kuma Juul, a Disambar 2018 kamfanin Altria mai sigarin Marlboro a Amurka ya sayi kashi 35 cikin 100 nasa a kan dala biliyan 12.8. Da zafi ya yi yawa Juul ya janye hannunsa, kuma ranar zaɓe sama da kashi 80 cikin 100 na masu ƙuri'a suka yi watsi da buƙatar. A 2022 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 438.5 ga jihohi fiye da 30 don kashe binciken da ake yi masa kan tallata hajarsa ga yara.

A darasinmu na hulɗa da jama'a akwai sunan da ake kiran irin wannan. Bature yana kwatanta gwagwarmayar da ta taso daga ƙasa da saiwar ciyawa. Wadda kuwa kamfani ya ƙera ya sa mata rigar talakawa, sai a ce mata ciyawar roba, irin wadda ake shimfiɗawa a filin ƙwallo. Daga nesa kore shar, ka matso ka ja, ba saiwa. Wani sanatan Amurka, Lloyd Bentsen, shi ya fara wannan kwatancen a 1985. Kamfanonin taba kuwa tsofaffin hannu ne a harkar. A 1993 kamfanin Philip Morris ya ɗauki hayar wani kamfanin hulɗa da jama'a, suka kafa ƙungiyar "mashaya sigari ta ƙasa" don yaƙar dokokin hana shan taba a wuraren taruwar jama'a. Mu nan ba sai an yi mana dogon bayani ba. Mun san sojojin baka a rediyo. Mun san 'yan data, waɗanda za ka wayi gari ka ga mutum 50 sun wallafa magana iri ɗaya, har kuskuren rubutun iri ɗaya. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Kar kuma ka ɗauka ɓangaren masu son a hana ba su da masu gida. A Satumban 2019 gidauniyar attajiri Michael Bloomberg ta ware dala miliyan 160 don yaƙin hana masu ɗanɗano. Ba ina cewa niyyarsa ɗaya da ta mai sayar da haja ba ne. Ina cewa ne a faɗan nan kowane ɓangare da lasifikarsa mai tsada, kuma muryar da ta fi ƙara ba lallai ita ce ta fi yawan mutane ba.

To ina na tsaya? Ni ban goyi bayan hanin ƙaƙaf ba, wanda zai rufe ƙofa ga babban mutum mai neman barin sigari alhali sigarin na nan a kan teburin mai shago. An gwada, mun ga sakamako. A 2021 Ostireliya ta ce sai da takardar likita za a samu mai nikotin, sai kasuwar bayan fage ta cika ta batse. A Amurka ma, da aka hana wancan nau'in a 2020, sai na zuƙa-ka-yar, waɗanda dokar ba ta rufe ba, suka mamaye kasuwa, yara suka koma can. An gudu ba a tsira ba. Kuma ka tuna, abin da ya kashe mutane a 2019 akasari daga hannun 'yan bayan fage ya fito, inda ba mai duba abin da aka zuba.

Sai dai ƙin hani daban, cewa abin ba shi da illa daban. Nikotin yana kama mutum ya riƙe, kuma ƙwaƙwalwa ba ta gama girma sai wajen shekara 25. "Bai kai sigari illa ba" magana ce ga wanda ya riga ya faɗa sigari. Ga wanda bai taɓa sha ba, sabon kamu ne kawai. Birtaniya ta nuna akwai hanya a tsakiya. A 2023 ta sanar da shirin raba wa mashaya sigari miliyan 1 na'urar kyauta don su sauya, sannan daga 1 ga Yunin 2025 ta hana sayar da na zuƙa-ka-yar, waɗanda su ne yara suka fi so kuma suke cika bola da batir. Amurka ma a Disambar 2019 ta ɗaga shekarun sayen duk wani kayan taba zuwa 21. Irin wannan nake goyon baya: a toshe hanyar yara, a hana tallar da ke farautar su, a san abin da ke cikin ruwan, a bar wa babba ƙofar fita daga sigari.

Mu a Najeriya akwai wani darasin na daban. Dokar taƙaita shan taba ta 2015 ta hana sayar wa ɗan ƙasa da shekara 18, ta kuma hana sayar da sigari kara-kara. Yanzu fita bakin layinku, ka tambayi mai tebur kara ɗaya, ka ga ko zai ce maka doka ta hana. Dokar da ba a aiwatarwa ba ta kare kowa. Duk ranar da muhawarar sigarin lantarki ta yi zafi a nan, wannan ce tambayar da ya kamata mu fara yi wa masu cewa a hana da masu cewa a bari.

Kuma idan ranar ta zo, a wayarka za ta fara zuwa. Za ka ga maudu'i mai daɗin faɗa, da bidiyo mai kyau, da wani mai mabiya da yawa yana cewa ana tauye wa matasa 'yanci. Kafin ka yaɗa, ɗan dakata. Duba wa ke ɗaukar nauyin ƙungiyar, kuma sun faɗa da bakinsu ko sai da aka tono. Duba masu maganar, suna da fuska da labarin kansu, ko shafuka ne da aka buɗe makon jiya. Karanta ainihin abin da ƙudurin ya ce, don sau da yawa dokar hana sayar wa yara ake yi wa laƙabi da "hani". Sannan ka duba wa zai ƙirga riba idan an yi nasara.

Shi kuma abokina, na ba shi gaskiyarsa, saura ya karɓi tawa. Dattawan da ke cikin bidiyon nan sun je kare abin da ya fitar da su daga sigari ne. Kai malam ba ka taɓa shan sigari ba. A ajin farko ka fara da na mangwaro don ƙamshi, yau idan batirinsa ya mutu ba ka iya karatun dare, kuma kuɗin abincinka na tafiya a ciki. Yaƙinsu daban, halin da kake ciki daban. Idan kana son koyi da su, koyi yadda suka san lambar ɗan majalisarsu, suka karanta ƙudiri, suka je zaure suka yi magana. Wannan kam muna buƙatarsa, a kan kuɗin makaranta da yajin aiki da wutar lantarki. Amma kar ka ara wa kamfani muryarka kyauta, alhali ya riga ya karɓi kuɗinka.