Ƙarar Salansa Ba Ita Ce Ƙarfin Mashin Ba

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, ɗalibai masu mashin sun zama bakanikai ƙarfi da yaji. Wannan ya shaƙe kafireta don kada ta sha mai, wancan ya fasa salansa don a ji shigowarsa tun daga ƙofar makaranta. Ni dai a ganina duka biyun asara ce, kuma abin kunya ne ga ɗan kwalejin fasaha.

Aikin kafireta shi ne gauraya iska da fetur, kusan kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai, a ma'aunin nauyi. Kamfanin da ya ƙera Bajaj Boxer ɗinka ya daidaita kafireta ne da salansar da ya ɗora masa. In ka huda salansar, yadda injin ke numfashi ya canza, ita kuwa kafireta ba kwamfuta gare ta ba, balle ta gyara kanta. Galibi sai mai ya gaza, injin ya ɗau zafi, a ƙarshe bawul ya ƙone. Shaƙe kafireta ma nan yake kai mutum.

Wasu na cewa wai injin yana son matsin hayaƙi. Ba haka ba ne. Salansar da ta toshe ƙarfi take ci, don fistan na wahala wajen tura hayaƙi waje. Abin da injin ke so shi ne hayaƙi ya fita da gudu ta bututun da ya dace da girmansa, domin gudun ne ke taimakawa wajen share silinda. In bututun ya yi faɗi da yawa, gudun ya ragu, mashin ya kasa jan kaya a ƙaramin giya. Ga ƙara, babu ƙarfi.

To ɗan'uwa, in ragin shan mai kake so, wanke matacin iska, musamman da hunturu, ka duba iskar taya. Sannan ka kwance filogi: ruwan ƙasa lafiya lau, fari mai ya yi kaɗan, baƙi mai ya yi yawa.

Mashin ɗin nan shi ke kai wasunmu gida Miga daga Dutse, wasu kuma da acaɓarsa suke haɗa kuɗin rajista. 'Yan nairorin da ka rage a gidan mai ba za su biya kuɗin sauke injin ba. Araha ba ta ado.