Agogon da ke yi wa marar lafiya ƙarya

Wai ba mu waye ba, shi ya sa muka ƙi rungumar agogon zamani, wanda ake haɗa shi da waya. Wannan magana tana ƙona mini rai. Tun 2015 da Apple ya fito da nasa, kuɗin sabo ya ninka mafi ƙarancin albashinmu sau da yawa, kuma kusan kullum sai an jona shi a wuta. Wace wutar? A watan Oktoban 2024 yawancin Arewa ta shafe fiye da mako a cikin duhu. Mutum na biyan mai caji don wayarsa ta rayu, sannan a ce ya ƙara da agogo?

Amma ba nan takaicina yake ba. Masu araha sun cika kasuwannin waya, kuma da tsoron ciwo ake tallarsu. "Alhaji, wannan yana auna hawan jini, yana auna suga, ka huta da tsira allura." Ƙarya ce tsagwaronta! Ɗauki irin na jabun nan ka ɗaura a jikin gorar ruwa. Koren haske zai yi ta walƙiya a ƙarƙashinsa, can sai ga lamba ta fito, wai bugun zuciyar gora ke nan.

A watan Fabrairun 2024 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta fito ƙarara ta ce ba ta amince da wani agogo ko zobe da ke auna sukarin jini ba tare da huda fata ba, ta kuma gargaɗi jama'a su guje su. Manyan kamfanoni da duk dukiyarsu ba su samu wannan amincewa ba, sai wani abu marar suna da aka jibgo a kwali?

Wa zai cutu? Dattijo mai ciwon suga, wanda ɗansa ya sayo masa don ƙauna. Ya duba hannunsa, lamba ta yi kyau, ya ajiye na'urar gwajinsa, ya rage magani, ya daina zuwa asibiti. Sai ranar da ya yanke jiki ya faɗi.

Na'urorin lafiya suna ƙarƙashin kulawar hukumar NAFDAC. To, ta shiga kasuwannin nan ta gwada duk agogon da ke iƙirarin auna suga, ta kwashe na ƙarya. Kai kuma mai shago, ka ji tsoron Allah. Ka ce yana nuna lokaci, yana ƙirga taku, yana sanar da kira, ka tsaya nan.