WASIƘAR DUTSE: Jinyar Wanda Ɓarin Jikinsa Ya Shanye

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka sake ba ni ɗan filin nan da ka saba ba ni, domin in amsa wata tambaya da ta zo mini daga wani malamin makaranta na ƙasar Kiyawa. Ya ce mahaifiyarsa ta faɗi, ɓarin jikinta na hagu ya shanye, an sallame su daga asibiti, ga ta kwance a ɗaki yau wata guda, ba su san abin da za su yi mata ba sai sannu. Ya ce, shin wanda wannan ciwo ya kayar yakan sake tashi kuwa? Na ga ya fi kyau in amsa masa a gaban jama'a, gama ba gidansu kaɗai abin ya shafa ba. Daga Garu zuwa Jahun, daga Shuwarin zuwa Birnin Kudu, da wuya ka sami unguwar da ba ta da mai irin wannan lalura a bayan asabari. Ni akawu ne, ban karanci aikin likita ba, amma yau shekara uku muna jinyar kawuna, abin da na gani da wanda na ji daga bakin likitoci shi zan faɗa.

Da fari dai mu san abin da mu ke fama da shi. Mutanenmu da yawa, in sun ga mutum ya kwanta lafiya ya tashi baki a karkace, hannu da ƙafa sun mutu, sai su ce iska ta buge shi, ko kuwa an yi masa jifa. Alhali tushen ciwon a ƙwaƙwalwa ya ke. Ku ɗauki ƙwaƙwalwa kamar lambu a fadama, jijiyoyin jini su ne magudanan ruwansa. In magudana ta toshe, fangalin da ke gabanta ya bushe. In kuwa ta fashe, ruwa ya cinye shukar. Haka ciwon nan ya ke iri biyu, na toshewa da na fashewa. Wani abin mamaki cikin halittar Ubangiji, ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa shi ke mulkin ɓarin dama na jiki, na dama kuma ya mulki na hagu. Wurin sarrafa magana kuwa ga yawancin mutane a hagu ya ke, shi ya sa wanda damansa ya shanye sau da yawa harshensa ma yakan ɗaure.

Mene ne ke toshe magudanar ko ya fasa ta? A shekarar 2018 aka bayyana sakamakon wani babban bincike da likitocin Nijeriya da na Gana suka yi, Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Ibadan yana cikin shugabanninsa, asibitocin koyarwa na Kano da Zariya suna cikin inda aka yi aikin. Sun duba majiyyata fiye da 2,000, suka tarar hawan jini shi ne uban tafiya, ya yi wa sauran dalilai fintinkau. Bayansa akwai su ciwon sukari, da kitse a jini, da yawan gishiri, da shan taba. Suka tarar kuma wajen ɗaya cikin uku na majiyyatan nan jijiya ce ta fashe musu, da cewa masu cin ganye kullum ba su cika kamuwa kamar waɗanda ba su ci ba. To, jama'a, ashe zogale da rama da alayyafo da mu ke rainawa ba abin rainawa ba ne.

Alamun ciwon uku ne da ko yaro zai iya ganewa: baki ya karkace, hannu ɗaya ya ƙi ɗaguwa, magana ta sarƙe. In an ga ko da ɗaya daga cikinsu, a nemi mota nan da nan. Ga Babban Asibitin Dutse, ga na Rasheed Shekoni, ga na Tarayya a Birnin Kudu, in abin ya fi ƙarfinsu ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. A kwantar da shi ta gefe, kada a ɗura masa ruwa ko kunu ko rubutu, domin maƙogwaronsa ma ya iya shanyewa, abin da aka ɗura sai ya zarce huhu. Kada kuma a ba shi asfirin da ka, gama in jijiya ce ta fashe, asfirin ƙara zubar jinin zai yi, hoton ƙwaƙwalwa ne ke raba gardama. Akwai allurar narkar da gudan jini a asibitocin da ke da ita, amma ba a yin ta in an wuce sa'a 4 da rabi da farawar ciwon. Wanda ya tsaya shawara har rana ta faɗi, ya yi wa mara lafiyarsa hasara.

Yanzu ga labarin kawuna. Maɗinki ne, shekarunsa sun haura sittin, kekensa na ƙafa sananne ne a garinsu. Wata safiya da kaka yana alwala buta ta suɓuce daga hannunsa na dama, ya zame ya zauna. Maƙwabta suka taru, wannan ya ce a kira wanzami a yi ƙaho, wancan ya ce a yi turare. Babban ɗansa ya ce a yi masa gafara, ya sa shi a mota. Ya yi kwana goma sha biyu a asibiti, aka ce jijiya ce ta toshe, hawan jini ne ya daɗe yana cinsa bai sani ba. Ranar sallama aka ɗauko shi kamar kayan wanki, ba hannu, ba ƙafa, ba baki. Likitan ya kira mu gefe ya ce, "Namu ya ƙare, saura naku. Wata uku zuwa shida na farko su ne kakar wannan ciwo, abin da kuka shuka a cikinsu shi za ku girba. In kun bar shi kwance, kwanciyar ce za ta kashe shi."

Aikin farko juyi ne. Ko wane sa'a biyu a juya shi, dare da rana, a sa matashi a ƙarƙashin hannun da ya mutu da tsakanin gwiwoyi, a tsane jikinsa, a duba ƙugu da diddige kada gyambon kwanciya ya fito. Aka hana mu ɗaga shi ta hannun nan mai ciwo, domin naman da ke riƙe kafaɗa ya saki, in an ja sai ta goce, ta zama ciwo na biyu. Abinci kuwa sai an zaunar da shi sosai, kunu mai kauri, cokali cokali, gama mai ruwa ruwa ya fi saurin shaƙe shi.

Sa'an nan sai gashi. Wannan suna ya ruɗi mutane da yawa, suna tsammani garwashi za a kawo ko ruwan zafi. Har wasu sukan gasa ƙafar da ba ta ji, su ƙone ta ba su sani ba. Aikin likitan gashi koyarwa ne. Yana lanƙwasa gaɓoɓi yana miƙewa kada su ƙage, yana koya wa majiyyaci juyawa, da zama, da tsayuwa, da taku, kamar yadda uwa ke koya wa ɗanta. Hikimar abin ita ce, fangalin da ya bushe ba ya dawowa, amma na kusa da shi suna iya karɓar aikinsa in an yi ta maimaita musu, kamar dai yadda almajiri ke tilawa har karatu ya zauna. Sau ɗaya a mako mu ke iya kai shi Dutse sabo da kuɗin mota, sauran kwana shida abin da aka nuna mana shi mu ke yi a gida, safe da la'asar. Ɗansa ya kafa gwafa huɗu a tsakar gida ya ɗaura gora biyu, kawu ya riƙa dafawa yana tsayuwa. Wata biyu kafin ya zauna ba jingina. A wata na biyar ya yi taku bakwai tsakanin gorar nan, matarsa ta yi guɗa har maƙwabta suka leƙo suna tambaya ko haihuwa aka yi.

Maganarsa ta fi ba mu tausayi. Yana ji, yana ganewa, amma in ya so ya ce ruwa sai ya ce riga, ya yi ta fushi da kansa. Ga abin al'ajabi, Fatiha yakan karanta ta tsaf, ya ƙirga ɗaya zuwa goma, amma sunan matarsa ta shekara arba'in ya gagare shi. Waɗansu suka ce ai ga shaida nan aikin iska ne. Likita ya ce sananniyar al'ada ce ta ciwon, abin da aka haddace tun yarinta yana da tasa hanya dabam da ta zancen yau da kullum. Da wannan aka kama bakin zaren. Jikarsa 'yar firamare takan zauna gabansa da yamma ta ɗaga cokali, ta ɗaga hula, ta ce, "Kaka, mene ne wannan?" In ya faɗa daidai ta tafa masa. Muka koyi yi masa tambaya gajeriya, mu jira, kada mu ƙarasa masa zance, kada kuma mu yi ta maganarsa a kansa sai ka ce ba ya nan.

Akwai lokacin da ya ƙi kome, ya juya fuska bango, ya ƙi abinci, hawaye na zuba ba dalili. Wannan ma cikin ciwon ya ke, likitoci sun ce wajen ɗaya cikin uku na masu shi sukan faɗa baƙin ciki mai tsanani, yana da magani kuma in an faɗa musu. Abin da ya taimake mu, aka daina ɓoye shi a ƙuryar ɗaki. Aka riƙa fito da shi zaure, abokansa na ɗinki suna zuwa hira, yaransa suna kawo masa yadi su ce, "Maigida, duba mana wannan yanka." Mutum in ya ga har yanzu ana bukatarsa, sai ya so tashi.

A tsakiyar wannan hali wani mai tallan magani ya zo ya ce kwana bakwai zai tashe shi, a ba shi kuɗin rago, amma a daina ƙwayar asibiti. Aka ba shi ruwa ya sha, aka sallame shi. Ina jan kunnen 'yan'uwa a nan ƙwarai. Maganin hawan jini ba a barinsa don an ji sauƙi, gama ciwon da ya zo sau ɗaya yana iya komowa, na biyu kuwa sau da yawa ya fi na fari muni. Addu'a kam ba mu fasa ba ko kwana ɗaya, malamai kuma sun sani neman magani ba ya rushe tawakkali.

Yau kawu yana dogara sanda ya tafi masallaci ya komo shi kaɗai, yana jan ƙafa kaɗan. Magana ta dawo, sai dai in ya gaji takan sarƙe. Hannun dama bai dawo yadda ya ke ba, yana jan carbi da shi, amma almakashi ya gagara. Keken ya bar wa yara, shi ke awo da karɓar kuɗi. Ba zan yaudari malamin Kiyawa in ce kowa haka ya ke samu ba. Wani ya fi haka, wani bai kai ba, gwargwadon girman ɓarnar da aka yi a ƙwaƙwalwa. Amma wata guda ba a makara ba, malam. Ka koma asibitin da aka sallame ku ka ce a haɗa ku da likitan gashi, ka tafi da wanda zai riƙa yi mata a gida ya koya da idonsa. Sannu ba ta hana zuwa.

Sauran magana biyu. Ta fari ga maza. Jinyar nan kusan dukanta a kan mata ta ke faɗawa. Matar kawu ta yi wata huɗu ba ta yi barcin kirki ba, har ita ma aka auna aka tarar jininta ya hau. Sai da aka raba kwana tsakanin 'ya'ya da dangi, aka rubuta aka manna a bango, kana ta huta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Zuwa dubiya da lemo a leda abu ne mai kyau, amma wanda ya ce, "Inna, je ki kwanta, yau ni zan juya shi," ya fi lada.

Ta biyu ga shugabanni. Tun 1991 da aka yi Jihar Jigawa, Dutse ta zama babban birninta, an shimfiɗa tituna, an gina asibitoci, har jami'ar Tarayya muka samu a 2011, mun gode. Roƙonmu, Jami'ar Bayero ta Kano tana yaye likitocin gashi, a ƙara ɗaukarsu a rarraba cikin ƙananan hukumomi 27 na jihar, domin kuɗin mota shi ke sa talakan ƙauye ya yanke zuwa gashi tun ba a je ko'ina ba. A kuma riƙa kafa tebur ranar kasuwa, kamar ta Shuwarin, ana auna jinin mutane. Ranar 29 ga Oktoba ta ko wace shekara duniya ta keɓe domin tunawa da wannan ciwo, ina ma limamai za su ɗauki Juma'ar da ke kusa da ita su yi wa jama'a bayani. Malaman makaranta da akawuna 'yan'uwana, mu da ke wuni a kujera, mu fara da kanmu. In awo ya kai 140 bisa 90 yana maimaituwa, a ga likita. Gishiri kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a wuni, watau wajen ƙaramin cokalin shayi guda, dunƙulen miya kuma gishiri ne, a sa shi cikin lissafi. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Allah ya ba mahaifiyar malam lafiya, da dukan marasa lafiya na gida da na asibiti, ya saka wa masu jinya da alheri, amin. Haza wassalam.

Ni ne naka,
Akawun Dutse.