Ba Inji Ne Ya Rufe Masaƙun Kakuri Ba

Duk majalisar da ka zauna yanzu, duk tashar rediyon da ka murɗo, zancen ɗaya ne: wai mutum-mutumi da ƙirƙirarriyar basira za su raba ɗan Adam da abin yi. Ban yarda ba, kuma maganar tana ƙona mini rai, domin an bar jaki ana dukan taiki.

Mai wannan fargaba ya taka zuwa Kakuri a Kaduna. A 1957, zamanin Sardauna, masaƙar KTL ta fara aiki, sai Arewa Textiles da UNTL suka biyo baya. Dubban magidanta ne ke ci daga can, ban da mai tuwo a bakin ƙofa, da mai facin keke, da manomin auduga a Funtuwa da Gusau. KTL ta tsaya a 2002, UNTL ta rufe a 2007. Wane mutum-mutumi ne ya sallami waɗannan bayin Allah? Injinan da suke kai sun tsufa ba a sake su ba, wutar NEPA ta zama sai an ga dama, baƙin mai ya yi tsada, atamfar China ta kwararo ta kan iyaka ta cika Kantin Kwari. Masaƙun da suka kayar da namu sun fi namu sabbin injina da tsayayyiyar wuta. Abin da ya ci Sharaɗa da Bompai a Kano ke nan.

Koriya ta Kudu ta fi kowace ƙasa yawan mutum-mutumi a masana'anta, sama da 1,000 ga kowane ma'aikata 10,000, amma marasa aiki a can ba sa wuce kashi 3 ko 4 cikin 100.

Mu ma mun gani da idonmu. Wayar salula ta shigo a 2001. Yau je ka kasuwar Farm Centre a Kano ka ƙirga samarin da ke gyaran waya suna ciyar da iyayensu. Na'urar POS kuwa ta ba 'yan mata da samari rumfa a kowane lungu.

Ba na musun cewa wasu sana'o'i sun mutu. Dattijon da ke buga takardar rantsuwa da tafireta a bakin kotu ya rasa kasuwa, kuma babu wanda ya koya masa kwamfuta ko ya ba shi jari. Wannan laifin masu mulki ne da suka bar shi, kuma shi ya kamata a yi ta kuka a kai.

Su kuma masu mulkin, wannan tsoro ya yi musu daɗi, don ya ba su wanda za su ɗora wa laifi tun kafin a tambaye su. Alhali mai walda a Sharaɗa, da injinsa da yaransa, tun safe yana zaune kan benci yana jiran a kawo wuta.