Kafin A Damƙa Wa Mutum Zukatan Jama'a

Ran 26 ga watan Mayu 1921 ba ta da wani tarihi a ƙasar Yawuri, amma ranar da ta cika shekara ɗari daidai, watau 26 ga Mayu 2021, ba za ta fita daga zukatan mutanen bakin Kwara ba. A ranar ce wani jirgin ruwa da ya taso daga Jihar Neja ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse kusa da Wara, cikin Ƙaramar Hukumar Ngaski, 'yan kaɗan ne suka tsira. Ba a gama zaman makoki ba, ran 17 ga watan Yuni, 'yan bindiga suka faɗa Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri suka kwashi ɗalibai da malamai. Waɗansu daga cikin 'yan matan ba su ga gida ba sai a 2023, bayan kusan shekara biyu a daji.

Wanda aka tsamo daga ruwa, ko aka karɓo daga hannun ɓarayi, likita yana iya duba jikinsa ya ce lafiya lau. Amma akwai ciwon da awon jini ba ya nunawa: yaron da ba ya barci, matar da ba ta iya kallon kogi, magidancin da ke firgita in ya ji ƙarar babur. Irin wannan ciwo aikin masanin halayyar ɗan Adam ne. Shi ba likitan taɓin hankali ba ne mai rubuta ƙwaya da allura. Kayan aikinsa su ne sauraro, da gwaji, da zance mai tsari wanda ke mai da mutum hayyacinsa sannu a hankali. Tun da yake likitocin taɓin hankali ba su kai 300 ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, buƙatar waɗannan masana ba abin gardama ba ce. Abin tambaya shi ne, wane ne ya cancanci wannan suna?

Mutanen bakin Tafkin Kainji sun san amsa tun kafin zuwan boko. Basarke ba ya miƙa wa ɗansa filafili ya ce shiga tsakiyar ruwa don kawai yaron ya haddace sunayen kifaye. Sai ya yi shekaru a jirgin ubansa, ana kallon hannunsa, ana tsawata masa, har ranar da manya za su shaida cewa ya isa. Haka doka ta tanada ga likita: bayan ya gama jami'a sai ya yi shekara guda yana aiki a ƙarƙashin manyan likitoci kafin hukumarsu ta ba shi cikakken lasin. Mai haɗa magunguna ma haka. To, don me za a sassauta wa wanda za a damƙa wa asirin zukata?

Hanyar da aka saba bi a Nijeriya ita ce digiri na farko na shekara huɗu, sa'an nan digiri na biyu a fannin kula da marasa lafiya, sa'an nan horon sanin makamar aiki a asibitin ƙwaƙwalwa a gaban ƙwararre. Wannan mataki na ƙarshe shi ne ƙashin bayan sana'ar, shi ne kuma aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. A nan ne ɗalibi zai zauna da mara lafiya, ya fito ya karanta wa malaminsa abin da ya gani da abin da ya faɗa, malamin ya nuna masa inda ya yi gaggawa, da inda ya yi wa'azi alhali kuwa sauraro ake bukata. A nan ne zai koyi gane wanda ke shirin halaka kansa, da wanda farfaɗiya ko zazzaɓi ya juya wa ƙwaƙwalwa, wanda tilas a miƙa shi ga likita ba da jinkiri ba. Babu littafin da ke koyar da wannan.

Ɓarnar ɗan koyo da aka saki ba linzami kuwa ba ƙarama ba ce. Yana iya tilasta wa yarinya ta sake tona abin da ya same ta tun ba ta shirya ba, ya bar ta da ɗanyen miki. Yana iya sakin baki, kuma a ƙauye magana ɗaya in ta fita ta isa ta rufe wa yarinya ƙofar aure da ta makaranta. Abin takaici, duk inda masifa ta auku ba a rasa masu zuwa da takardar shaidar taron bita na kwana uku a otal, suna kiran kansu ƙwararru. Niyyarsu tana iya zama mai kyau, amma in sun yi kuskure, wa za a kai wa ƙara?

Amfanin lasin ke nan: a ba wanda ya cika sharaɗi, a ƙwace daga wanda ya ci amana. Ghana ta kafa majalisar masana halayya da dokar 2013. A Afirka ta Kudu sai mutum ya yi shekarar horo ya ci jarrabawar hukuma kafin a rubuta sunansa. A nan gida, Jami'ar Nsukka ta buɗe sashen wannan ilmi tun 1964, kuma ƙungiyoyin masanan suna da nasu sharuɗɗa, sun kuma daɗe suna neman Majalisar Tarayya ta kafa musu hukuma. Amma ƙungiya daban, hukuma mai ƙarfin doka daban. Masu ba da shawara da ma'aikatan jin daɗin jama'a sun sami dokokin majalisunsu a 2022. A watan Janairu 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958 ta zamanin Turawa. Lalle ne 'yan majalisar da ke wakiltar Kebbi ta Kudu su zama na gaba wajen ganin wannan sana'a ita ma ta tsaya a kan doka.

Sai dai lasin kaɗai ba zai kawo masani Yelwa ba. Daga can zuwa Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware tafiyar fiye da kilomita 300 ce, ba kowane manomi ko masunci ke da kuɗinta ba. Ga kuma batun harshe. Ƙasar Yawuri gidan Gungawa ce da Kambari da Shangawa da Dukawa da Hausawa, kuma baƙin ciki da harshen uwa yake fita. In sai an kira maƙwabci ya yi tafinta, asiri ya riga ya tonu. Marigayi Farfesa Adeoye Lambo ya gane haka tun 1954, lokacin da ya zaunar da marasa lafiya da danginsu a ƙauyukan Aro kusa da Abekuta, ya kuma jawo masu maganin gargajiya a jika maimakon ya kore su.

Saboda haka ya kamata Gwamnatin Jihar Kebbi, tare da hukumar raya yankunan madatsun ruwa ta HYPPADEC, ta zaɓi 'ya'yan Yawuri da Ngaski da Shanga ta biya musu karatun har digiri na biyu. Ta nema musu gurbin horo a Kware ko Barnawa ta Kaduna, da alawus ɗin da zai riƙe su, bisa alkawarin za su dawo su yi aiki a gida. Hukumar ɗaukar ma'aikata kuma, in mai neman wannan aiki ya miƙo takardar digiri, ta tambaye shi a wane asibiti ya yi horo, wata nawa, kuma wane ƙwararre ne ya sa masa hannu.