SHARHI: Tsokar zuciyar da ake rainawa a ɗakin bincike don gwada magani, daga jinin wa ake samo ta?

Da zarar damina ta kankama a ƙauyukan Tondikandiya da na ƙasar Kurfai, cikin gundumar Filinge, da wuya a sami gidan da ba a shan maganin zazzaɓin cizon sauro. Wasu su karɓo daga asibiti, wasu su saya a hannun 'yan talla ranar kasuwa. Kaɗan ne ke tambayar abin da ƙwayar take yi wa zuciya.

Tambayar kuwa tana da tushe. A shekarar 1993, likitoci a ƙasar Tailan suka ba da rahoton cewa halofantrine, maganin zazzaɓin da aka sayar da sunan Halfan har a Afirka ta Yamma, yana rikita bugun zuciya, har yakan jawo mutuwar farat ɗaya. Maganin ya riga ya shiga kasuwa kafin a gano hakan. Haɗin artemether da lumefantrine da ake bayarwa yanzu ba shi da irin wannan haɗari, amma darasin bai gushe ba.

Yadda fasahar take

An daɗe ana fara gwada magunguna a kan dabbobi. Sai dai zuciyar ɓera kan buga sau 500 zuwa 600 a minti ɗaya, ta ɗan Adam kuwa sau 60 zuwa 100. Abin da bai cutar da ɓera ba yana iya kayar da mutum.

A 2007, masanin Japan Shinya Yamanaka ya nuna cewa ana iya ɗaukar ƙwayar halitta daga fatar baligi a mayar da ita irin ta farkon halitta, wadda ke iya zama kowane sashe na jiki. Wannan aiki ya sa ya samu kyautar Nobel a 2012. Yau daga 'yar fata ko ɗan jini, masana na raina tsokar zuciya da ke bugawa da kanta a cikin faranti. Sai a ɗiga mata magani a ga ko bugun zai rikice, ba tare da an jefa ran kowa cikin haɗari ba.

Hukumomi ma sun fara karɓar hanyar. A watan Disambar 2022, Amurka ta yi dokar da ta cire tilascin gwada kowane sabon magani a kan dabbobi kafin a kai ga mutane.

Ina namu yake?

Tsokar da aka raina tana ɗauke da gadon halittar mutumin da aka ɗebo ta daga jikinsa. Mafi yawan ƙwayoyin da aka adana a manyan rumbunan bincike kuwa na mutane ne masu asalin Turai.

Wannan ba ƙaramin giɓi ba ne. Wani bincike da mujallar Science ta buga a 2002 ya gano wani bambanci a gadon halitta, wanda ke ƙara haɗarin rikicewar bugun zuciya idan an sha wasu magunguna. An same shi a jikin kimanin kashi 13 cikin 100 na baƙaƙen fatar Amurka, waɗanda akasarin kakanninsu daga Afirka ta Yamma aka kwashe su, alhali da wuya a same shi a jikin Turawa. Gwajin da babu namu a cikinsa yana iya tsallake irin wannan.

Ga kuma ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, wanda ya yi ƙamari a yankinmu. A shekarun 1970 likitoci a Zariya sun ƙiyasta yana kama mace ɗaya cikin kowace ɗari da ta haihu. Daga baya bincike a Yamai ya danganta shi da ƙarancin sinadarin selenium, sannan Farfesa Kamilu Ƙaraye na Jami'ar Bayero ta Kano ya jagoranci tattara bayanan masu ciwon a Najeriya. Tsokar da aka raina daga jinin irin waɗannan mata za ta iya nuna maganin da ya fi dacewa da su.

Abin da ba za ta yi ba

Tsokar faranti ta fi kama da ta ɗan tayi, kuma babu hanta ko ƙoda tare da ita, don haka gwaji a kan mutane na nan daram. Ba za ta hana jabun magani shiga kasuwar Filinge ba, ba kuma za ta samar wa ƙaramin asibitin ƙauye na'urar auna bugun zuciya ba.

Amma akwai abin da ke hannunmu. Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da asibitocin koyarwa na Kano da Zariya na iya sanya sharaɗi a duk haɗin gwiwar da za su ƙulla: a ɗauki jini da yardar mai shi, a horar da ɗalibanmu, sakamakon kuma ya dawo gida. 'Yan uwanmu da ke aiki a ɗakunan binciken Faransa, Ingila da Amurka su ma suna da bakin tambaya: ƙwayoyin da kuke gwaji da su, na su wa ne? Hausawa dai sun ce ba a yi wa mutum aski a bayan idonsa.